Gyaɗa mai kyau ta gida ce

   

Ni mutuniyar Tunuga ce, cikin ƙasar Gaya, jihar Dosso. Garinmu yana bakin iyaka. In kun yi gabas, wajen Kamba, kun shiga Najeriya. In kun ƙetare kogi, kun shiga Benin. Muna noman gero da dawa da masara. A fadama muna noman shinkafa da rake. Mu mata kuma muna da ƴan gonakinmu na gyaɗa, wadda a nan muka fi ce wa gujiya.

Yau ina so in ba ku labarin dakuwa. Na san wani zai yi dariya ya ce: "Dakuwa kuma? Abin yara ne za a rubuta a takarda?" To, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe. Ni ma da haka nake gani. Sai da na kusa rasa ɗiyata sannan na san darajar gyaɗar da nake nomawa da hannuna.

Yadda nake yi da

Kowace kaka, in na cire gyaɗata, sai in shanya ta, in ɓare, in zauna in tsince. Manyan ƙwayoyi masu sheƙi in zuba su a buhu. Waɗannan na kasuwa ne. Ƙanana, da fasassu, da waɗanda suka motse, da waɗanda suka yi baƙi-baƙi, in zuba su a ƙwarya. Waɗannan na gida ne. Da su nake miya. Su nake soya wa yara.

In na dawo daga kasuwa, sai in sayo wa yara alewa da biskit na cikin leda. Suna murna, ni ma ina murna. A ganina na yi dabara: na sayar da mai kyau da tsada, ban zubar da marar kyau ba, kuma ga tsaraba.

Uwar mijina, wadda muke ce wa Iya, ba ta son wannan hali. Takan tsaya a kaina ta ce: "Ke ɗiyata, gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Ki ɗebar wa jikokina daga buhun nan. Ta cikin ƙwaryar nan kuma ki zubar da masu ɗaci."

Nakan ce: "To, Iya." Amma ba na yi. A zuciyata ina cewa tsofaffi ba su san wahalar kuɗi ta yanzu ba.

Iya ta san gyaɗa tun ban zo duniya ba. Takan ba mu labarin zamanin ƙuruciyarta, lokacin da gyaɗa ce babban abin da Nijar ke sayarwa ƙasashen waje. A 1962 gwamnati ta kafa kamfanin SONARA don sayen gyaɗar manoma. A Kano kuwa buhuna ake jerawa har su yi tsini, ana ce musu dalar gyaɗa. Sai aka yi babban fari a 1973. A 1975 wata cuta ta faɗa wa gyaɗa, ganye ya nannaɗe, gonaki suka lalace a Nijar da arewacin Najeriya. Iya takan ce: "Wannan ciniki ya wuce, amma halin da ya koya mana bai wuce ba. Har yau mai kyau ta baƙo ce, ragowa ta mai gona."

Shekarar da kogi ya cika

A damanar 2012 kogi ya yi ambaliya. Ruwa ya ci shinkafar mutane da yawa a ƙasar Gaya, har da tamu. Da kaka ta yi, sai na sayar da gyaɗata duka don mu sayi hatsi. Ko tiya ɗaya mai kyau ban bari ba.

A lokacin na yaye autata. Shekararta ɗaya da rabi. Abin da nake ba ta kunu ne tsararo, safe da rana da dare. In ta yi kuka in ba ta biskit. Da bazara ta shigo, sai zawo ya kama ta. Ta rame. Gashinta ya yi ja, ya yi laushi. Ta daina wasa. In na ajiye ta, nan za ta zauna tana kallon mutane, ko kukan kirki ba ta iyawa.

Iya ce ta ce wa maigida: "Gobe da sassafe a kai yarinyar nan gidan likita. Kada a ƙara kwana."

Da muka je, ma'aikaciyar lafiya ta ɗaura mata wani ɗan maɗauri a damtse. Maɗaurin yana da launi uku: kore, da rawaya, da ja. Na autata ya tsaya a kan ja. Ma'aikaciyar ta ce: "Baiwar Allah, ɗiyarki tana da tamowa mai tsanani. Amma kin zo kan lokaci. Tana iya cin abinci, saboda haka za ki yi jinyarta a gida."

Ta ba mu magani. Ta ba mu ƴan ledoji masu launin ja da fari. Ta ce in riƙa ba yarinya kullum, da ruwan sha mai tsabta, kuma in dawo kowane mako a auna ta. Ta ja mini kunne ta ce: "Wannan magani ne. Nata ne ita kaɗai. Kada ki raba wa sauran yara, kada ki sayar."

Abin da ke cikin leda

Da na yage bakin leda ta farko, sai na ji ƙanshin da na sani. Na lakata da yatsa na ɗanɗana. Na ce: "Malama, wannan ai gyaɗa ce!"

Ta yi murmushi ta ce: "Gyaɗa ce mana. An niƙa ta, an haɗa da sukari da garin madara da mai, da wasu sinadarai masu gina jiki da ƙara jini."

Daga baya na ƙara samun bayani. Sunan abincin Plumpy'Nut. Wani likitan yara ɗan Faransa, André Briend, shi da wani kamfani na ƙasarsu suka ƙirƙiro shi a 1996. Kowace leda giram 92 ce. A shekarar yunwa ta 2005 an yi amfani da shi sosai a Nijar, wajen Maraɗi da Damagaram, kuma yara dubbai sun warke. Ba a dafa shi, ba a zuba masa ruwa. Rashin ruwan nan shi ke hana shi saurin lalacewa.

Ranar nan na dawo gida jikina a sanyaye. Ku duba fa! Ni mai noman gyaɗa, na kai tawa kasuwa, ga ɗiyata tana ramewa. Sai ga gyaɗa ta dawo mini cikin leda, ita ce magani. Na ji kunya ƙwarai. Iya ba ta ce mini "ai na gaya miki" ba. Ta karɓi yarinya ta goya, ta ce in je in ɗora tukunya.

Cikin mako shida autata ta murmure. Maɗaurin ya bar ja ya koma rawaya, ya bar rawaya ya koma kore. Ranar da aka sallame mu na tambayi ma'aikaciyar: "Malama, yanzu ledoji sun ƙare. Me zan yi kada ciwon ya dawo?"

Ta ce: "Abin da kike nema yana gidanki. Ki yi kunu mai kauri, ki sa masa niƙaƙƙiyar gyaɗa. Ki ba ta wake, da ganyen zogale, da kifi, da ƙwai in an samu. Tsakanin abinci da abinci ki ba ta wani abu ta ci, don cikin yaro ƙarami ne, ba ya ɗaukar da yawa lokaci guda. Kin iya dakuwa?"

Na ce: "Iya ta iya."

Ta ce: "To, ki koya. Amma da gyaɗa mai kyau. Zauna in gaya miki dalili."

Wake ɗaya ke ɓata gari

Ga abin da ta koya mini, ni ma ina koya muku.

Akwai wata funfuna da ke kama gyaɗa da masara. Tana shiga tun a gona, in ruwa ya ɗauke kafin gyaɗa ta nuna, ko in gara da tsutsa sun huda ɓawo. Tana shiga in an bar gyaɗa a jibge a ƙasa ba ta bushe ba. Tana shiga in an ajiye buhu a wuri mai danshi. Funfunar nan tana haifar da guba. Masana suna ce wa gubar afalatokzin.

An gano wannan guba a Ingila bayan wata annoba ta 1960. A shekarar nan talo-talo wajen 100,000 suka mutu. Da aka bincika, sai aka ga abincinsu ne, wanda aka haɗa da garin gyaɗa daga ƙasar Barazil.

Gubar nan hanta take ci. In mutum ya daɗe yana cin ta kaɗan-kaɗan, tana iya kawo ciwon dajin hanta. Ga yara kuwa, masana sun ga tana tafiya tare da rashin girma. Suya ba ta kashe ta. Tafasa ba ta kashe ta. In an ba saniya ko akuya mai tatsa lalatacciyar gyaɗa, gubar tana fitowa cikin nono.

Mu mutanen Gaya ya kamata mu fi kowa lura. Ƙasarmu ce ta fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, wajen milimita 800 a shekara. Inda ruwa ya yi yawa, danshi ma yana yawa.

A cikin waɗanne ƙwayoyi gubar ta fi taruwa? Cikin motsattsu, da fasassu, da masu huji, da waɗanda suka sake launi, da masu ɗaci. Wato waɗanda nake zubawa a ƙwarya in ce na gida ne! Shekara da shekaru abin da nake ba ƴaƴana ke nan. Iya ba ta san sunan gubar ba. Harshenta ne ya gaya mata cewa abin da ke da ɗaci ba na ci ba ne.

Tun daga ranar na sake hali. Ga abin da nake yi:

Ina cire gyaɗa da zarar ta nuna, ba na barin ta ta daɗe a ƙasa.

Ina shanya ta a kan tabarma ko tampol. In hadari ya taso in kwashe.

Ba na sa ta a buhu sai na girgiza na ji ƙwaya tana kaɗawa cikin ɓawo.

Ina ajiye ta da ɓawonta, in ɗora buhu a kan itace, nesa da bango.

In na ɓare, ina tsincewa da rana, inda ido ke gani. Marar kyau in binne ta. Ba na ba yara, ba na ba dabbobi, ba na kai ta kasuwa wani ya saya wa nasa ƴaƴan.

Gardamar gishiri

Da kaka ta zagayo, na ware tiya goma mafi kyau na ce ta gida ce. Na je na durƙusa gaban Iya na ce: "Iya, ki koya mini dakuwa."

Ta ce: "Sai yau?" Ta yi dariya, ta ce in kawo turmi.

Abu na farko da ta koya mini shi ne gishiri. Ni da na ɗauka abin zaƙi ba ya son gishiri. Iya ta ce: "Dakuwa ba gishiri, gundura take. Ɗan gishirin nan shi ke ta da zaƙi, shi ke fito da ƙanshin gyaɗa." Ta sa na ɗanɗana kafin a sa, na kuma ɗanɗana bayan an sa. Gaskiyarta ce. Ku ma ku gwada ku ji.

Iya ɗiyar masu dafa gishiri ce. Kun san ƙasarmu tana bakin kwarin Foga, inda aka daɗe ana yin gishiri tun kaka da kakanni. Da rani ake kankare ƙasa mai gishiri, a zuba mata ruwa a tace, a dafa ruwan har ya ƙone ya bar gishiri. Fatake sun daɗe suna ɗaukarsa zuwa ƙasashen kudu. A wurin Iya, duk duniya babu kamar gishirin Foga.

Ni kuwa an gaya mini a gidan likita in riƙa amfani da gishiri mai sinadarin aidin. Rashin aidin shi ke kawo maƙoƙo. Yana kuma rage kaifin ƙwaƙwalwar yaro tun yana cikin uwarsa. Gishirin da aka dafa a gargajiyance ba shi da isasshen aidin, sai in an ƙara masa.

Muka yi ta ja. Iya ta ce: "Da wannan gishiri na yi renon mijinki." Na ce: "Haka ne, Iya. Amma ki tuna mata nawa kika sani masu maƙoƙo a zamaninku." Ta yi shiru, ta shiga lissafi da yatsu. Daga ƙarshe muka shirya. Abincin yara da na mai ciki, gishiri mai aidin. Tata dakuwar kuwa, da gishirin Foga ake yi mata, har ta bar duniya. Allah ya jiƙanta.

Ga yadda ake yi

Dakuwa ba ta son tanda, ba ta son suya cikin mai. Wuta sau ɗaya take gani, wajen soya gyaɗa da hatsi. Sauran aikin na turmi ne. Ku sami kofi ɗaya ko gwangwani ɗaya mai tsabta, ku auna komai da shi.

Kayan haɗi:

Soyayyar gyaɗa, kofi 4.

Garin soyayyar masara ko na gero, kofi 2.

Sukari, kofi 1.

Gishiri, rabin ƙaramin cokali.

Garin citta, ƙaramin cokali 1.

Kanumfari ko barkono kaɗan, in ta manya ce.

Na ɗaya. Ki wanke hannu da sabulu. Ki wanke turmi da taɓarya tun da safe, ki kife su a rana su bushe sarai.

Na biyu. Ki tsince gyaɗa. Ki soya ta a kasko da rairayi mai tsabta, wuta kaɗan-kaɗan, kina juyawa. In kin murza ƙwaya ɗaya jar rigarta ta fita da sauƙi, cikinta ya yi launin ƙasa-ƙasa, ta soyu. Kada ki bari ta ƙone, za ta yi ɗaci.

Na uku. In ta huce, ki murje ta, ki bakace a faifai. Yanzu da ta tuɓe riga, ki sake tsincewa. Nan ne za ki ga masu tabo da suka ɓoye miki da farko.

Na huɗu. Ki tsince masara ko gero kamar yadda kika tsince gyaɗa. Ki soya har ya yi ƙanshi. Ki daka ko ki kai inji, sannan ki tankaɗe da rariya mai laushi.

Na biyar. Ki daka sukari da gishiri da citta su zama gari. In ba ki yi haka ba, za a riƙa jin sukari yana ƙaras-ƙaras a haƙori.

Na shida. Ki zuba gyaɗa a turmi ki yi ta daka. Da farko za ta zama gari. Ki ci gaba. Can za ki ga ta fara sheƙi tana kama taɓarya. Manta ne ya fito.

Na bakwai. Ki riƙa zuba garin hatsi da na sukari kaɗan-kaɗan kina kirɓawa, har su haɗe.

Na takwas. Ki ɗebo kaɗan ki dunƙula a tafin hannu. In ya tsaya, ya yi. In yana wargajewa, ki ƙara daka, ko ki sa cokali ɗaya na man gyaɗa. In ya yi laushi da yawa, ki ƙara gari. Sai ki mulmula ƙanana-ƙanana, kamar girman ƙwan zabo.

Ga babbar doka: kada ruwa ya taɓa dakuwa, ko ɗigo ɗaya. Man gyaɗa ne ke haɗa ta. In ruwa ya shiga, kwana biyu ta yi tsami ta yi funfuna.

In kina da tigadege, wato niƙaƙƙiyar gyaɗa wadda ba a matse manta ba, aikinki ya ragu. Kofi 2 na tigadege ya isa madadin gyaɗa kofi 4. Ki zuba a kwano ki cuɗa da gari da sukari, ba sai kin ɗauki taɓarya ba. Amma ki tabbata ke kika niƙa ta, ko kin san wadda ta niƙa. In gyaɗa ta niƙu, ba mai iya gane mai kyau da marar kyau.

Kina iya sauya hannu. Wasu suna sa soyayyar aya madadin masara, ita ce dakuwar aya. Wasu suna sa mazarƙwaila ko dabino madadin sukari. Wasu suna ƙara soyayyen riɗi. In kin sami garin madara ki sa cokali biyu ko uku, ya ƙara mata amfani.

Ki ajiye dakuwa a kwano mai murfi, a inuwa, inda ƙuda da tururuwa ba sa kai wa. Ki yi daidai wadda za a cinye cikin mako ɗaya. In ta sake wari, ki zubar.

A yi hattara

Gyaɗa abinci ce mai ƙarfi. Kusan rabinta mai ne. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu nata abin gina jiki ne, irin wanda ake samu a wake da nama. Shi ya sa dunƙule biyu ke riƙe cikin yaro daga hantsi har azahar. Duk da haka akwai abubuwa biyar da nake so ku riƙe.

Jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon uwa kaɗai ya ishe shi. Ba a ba shi dakuwa, ba a ba shi ko ruwa.

Ƙaramin yaro ba a miƙa masa dunƙule ko ƙwayar gyaɗa. Tana iya sarƙe shi ta toshe numfashi. A marmasa masa cikin kunu mai kauri, a rage sukari da gishiri, ba barkono.

Yaron da bai cika shekara 1 ba, ba a ba shi zuma. In kina sa zuma a dakuwarki, ki tuna da wannan.

Akwai mutanen da jininsu bai haɗu da gyaɗa ba. In yaro ya ci, sai ki ga leɓe ko fuska ta kumbura, ko jiki ya yi borin jini, ko numfashi ya yi wuya, ki kai shi gidan likita nan take. Kada a sake ba shi sai likita ya ce.

Dakuwa ba ta maye gurbin maganin tamowa. In yaro ya rame, ko ƙafafunsa sun kumbura, ko ya ƙi cin abinci, a kai shi a auna. Dakuwa tana taimakon mai lafiya ya zauna lafiya. Wanda ciwo ya riga ya kama, sai likita.

Masu ciwon sukari da masu hawan jini kuma su tambayi likitansu kafin su ci.

Mu yi lissafi

Maigidana da farko bai so na ware tiya goma ba. Ya ce: "Wannan kuɗi ne kika ajiye a ɗaki." Sai na ɗauko alli na yi masa lissafi a jikin ƙofa.

Yaranmu huɗu. Kowane ina ba shi dala 5 kullum ya sayi alewa ko biskit. Dala 20 ke nan a yini. A wata, dala 600, wato jaka 3. A shekara, jaka 36. Na ce: "Maigida, tiya goma ta gyaɗa ta kai jaka 36?" Ya dubi ƙofa, ya dube ni. Ya ce: "Ƙara tiya biyu."

Ku ma ku yi naku lissafin da kuɗin garinku. Alewa ruwan sukari ce da launi. Yaro ya tsotse, haƙori ya lalace, yunwa tana nan. Da kuɗin nan kuna iya sayen sukari da citta na wata da watanni, har ku sami canji na sabulu.

A 2023 aka rufe iyakoki, gadar Gaya da Malanbil ta tsaya cik. Kayan kanti suka yi tsada. Yaran maƙwabta suna kukan biskit. Mu a gidanmu turmi bai daina ƙara ba, don gyaɗa da masara daga gonarmu suke. Har maƙwabta suka fara aiko yara da ƴan kuɗi su saya. Yanzu ranar kasuwa ina yin faifai guda na sayarwa. Da gyaɗar da nake yi wa ƴaƴana nake yin ta sayarwa, don ɗan wani ma ɗa ne.

Autata da maɗauri ya nuna ja yanzu ta zama budurwa. Ita ke riƙe mini taɓarya. In muna tsintar gyaɗa takan ɗaga wata motsattsiya ta ce: "Inna, wannan fa?" In ce: "Jefa ta can." Wani lokaci ina jin muryar Iya a bakina.

Ƴar'uwa, kaka tana zuwa. Kafin ki ɗaure bakin buhu ki kai kasuwa, ki ɗebi ta gida tukuna, daga sama, mafi kyau. Ɗan'uwa maigida, in ka ga ta ware, kada ka yi faɗa. Ka taimaka mata da itacen da za ta ɗora buhu a kai. In kun yi dakuwar ta yi daɗi, ku koya wa maƙwabta. Wanda bai iya karatu ba tukuna, ku karanta masa wannan shafi da dare bayan an ci tuwo.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya raya mana ƴaƴanmu. Ku huta lafiya.